Kabewar da Kika Dafa Mini

Béxar ta ƙasar Texas, kakar shekarar 1837

Zuwa ga Apolonia, sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan kogin San Antonio a bakin mai ƙishi!

Na ɗauki alƙalami don in gode miki, kafin mahaifinki Don Anselmo ya gama ɗaure kaya ya tsallake da ke kogin Bravo zuwa Meziko kamar yadda ya rantse. Amma da me zan fara, ya farin watana? Da ranar da na same ki a bakin magudanar ruwa ta bayan gidanku kina wanke masara, ni kuma na ɗaura sirdi zan bi 'yan garinmu yaƙin raba Texas da Meziko? Kin san yayanki Ventura yana cikin rundunar Meziko, kin san inda na nufa, amma ba ki tsine mini ba. Kika ƙunsa mini wainar masara mai zafi a gefen mayafinki, kika juya baya don kada in ga idonki. Allah ya sani na gani.

A fagen yaƙin San Jacinto, mu 'yan ƙasa sai da muka maƙala farin kwali a hulunanmu, don kada Amurkawan da muke yaƙi tare su ɗauke mu sojan Meziko su harbe. Haka muka nemo 'yancin nan, muna tsoron gaba muna tsoron baya. Aka ci nasara, na dawo da ɗingishi, Ventura bai dawo ba. Yau ga baƙi sun cika gari. Wani da ko sunan kogin nan bai iya faɗa ba ya tare ni a dandali, wai yaushe zan koma ƙasarmu. Ni! Ni da kakana da uban kakana suke kwance a maƙabartar San Fernando! Raina ya ɓaci matuƙa, har na fara tambayar kaina wa na zubar wa jini.

Cikin wannan hali na tura dattawa neman aurenki. Kowa a garin nan ya san ma'anar kabewa in an aiko wa manemi: ka nemi wata. Da na hango Gwaggo Chona, ƙanwar mahaifinki, tafe da kasko a rufe, na ce shi ke nan, an kore ni. Ta dire shi a gabana ta ce, "Ungo, sarkin yaƙi. Ubanta ya ce a kawo maka kabewa, to ga kabewa." Na ɗaga murfi, sai turiri ya buge ni: ga ta an dafa da mazarƙwaila da kirfa, ta yi jawur! Gwaggo ta harare ni. "Ci mana! Ka tsaya kana kallona kamar jakin da aka bari a ruwan sama? Yarinya har yatsa ta ƙone a kanka."

Haba, Apolonia, zumar bakina! Wace mace ce za ta cika umarnin uba ba ta saɓa masa ba, kuma ba ta kashe masoyinta ba? Wa ya koya miki? Na ci ina kuka, na suɗe kaskon tas, ban ji kunyar Gwaggo ba. Tun da na dawo daga yaƙi, babu wanda ya tuna mini cewa ni ɗan gida ne sai ke. Na gode, na gode, Allah ya saka miki.

Ga alkawarina. Ba zan ce ki gudu ki bar tsoho ba. Ya rasa ɗa a yaƙin da na yi, ba zan raba shi da 'ya ba. Ranar Lahadi bayan coci zan je gabansa da ƙafata, hula a hannu, ya faɗa mini duk abin da ke cikinsa in haɗiye. In ya yarda ya zauna, gonata da hannuwana nasa ne. In kuwa ya dage sai ya tsallake, zan ɗaura wa shanuna karkiya in bi bayanku. A nan suna ce mini baƙo, a can za su ce mini maci amana. Su yi ta faɗa! Ke dai ki riƙa waiwayowa a hanya, za ki gan ni.

Naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa, ko a wace gaɓar kogin ce,

Eusebio Galván