Musunmu A Gefen Littafi Na Biyar

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata a tsakiyar zafi, abokin musuna wanda bai taɓa cewa "kin fi ni gaskiya" ba ko da gaskiyar ta zo ta zauna masa a cinya. Sallama gare ka, da gaisuwa daga wadda ta san cokali nawa na sukari kake zubawa a shayi, ta san tabon da ke bayan kunnenka na hagu, ta san irin tarin da kake yi idan za ka faɗi abin da ba ka da hujja a kai, amma idan ta shigo falon Mama, mahaifiyarka, inda kake jinya, sai ka gyara zama ka ce mata, "Sannu da zuwa, baiwar Allah."

Ni ce matarka. Na san an gaya maka, Mama ta faɗa, Yayanka ya faɗa, likita ya faɗa, hotuna ma sun faɗa. Wata biyar ke nan tun da ƙarfe ya suɓuto daga hawa na huɗu a ginin da kake dubawa ya sauka a kanka. Hular kwanonka ta dare gida biyu ta ceci ranka, kuma ban daina gode wa Allah ba. Amma shekara shida ta zube daga kanka, ni kuwa duk rayuwata da kai a cikin shidan nan take. Ka tuna malaminka na firamare, ka tuna kalar kekenka na farko, ka tuna littattafan Uwar Maƙera guda huɗu har da sunayen takubba goma sha biyun da ke ciki, a jere, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Kaico, ni a littafi na biyar na shigo.

Shekaranjiya Yayanka ya zo gidanmu. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa, yana ta juya makullin mota a hannu. Da ƙyar ya ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, aike ne aka ɗora mini. Mijinki ya ce ba ya son ya tsare 'yar mutane. Ya ce zalunci ne ki ƙare ƙuruciyarki kina jiran mutumin da bai san ki ba, kuma babu ɗa a tsakani. Idan wata ya ƙare zai rubuta takarda." Na kawo masa ruwa, na raka shi ƙofa, na dawo na zauna a ƙasan kicin. Ban ji haushinka ba, da ma na ji da ya fi mini sauƙi. Ta yaya zan yi fushi da mutumin da kirkinsa ne zai raba ni da shi? Irin kirkin nan ne fa ya sa na aure ka. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Don haka ka ba ni aron idonka, ya hasken gidana, in ba ka labarin yadda wasu mutum biyu suka haɗu. Ba na cewa ka tuna. Ka karanta shi kamar yadda kake karanta labarin Bahago, jarumin da ka fi so a littattafan nan.

Ka san yadda na huɗu ya ƙare. Makauniyar maƙeriya ta ƙera wa Bahago sulken da babu ƙarfen da ke huda shi, zobe dubu tara, kowane zobe ta rufe shi da bakin masaba, ban da guda ɗaya a ƙarƙashin hammatar hagu, wanda ta bari a buɗe ba ta gaya wa kowa ba. Duk mai karatu a duniya ya tsaya a kan zoben nan. Wasu suka ce ƙarfe ne ya ƙare mata. Wasu suka ce makanta ce, hannunta ya tsallake. Akwai ma wani a zaurenmu na waya da ya rantse cewa zoben shi ne makullin garkuwar nan Kurma, wadda ba ta jin sara, har ya zana taswira. Kai kuwa ka tsaya kai da fata cewa cin amana ne: maƙeriyar ta haɗa baki da mai takobin nan Marar Inuwa, ta bar masa ƙofar da zai shiga.

Da na biyar ya fito, guda ɗaya tak aka kawo ɗakin karatun unguwa, ana karɓa bi da bi. Ka riga ni. Da ya zo hannuna, na buɗe shafi na talatin da ɗaya, sai ga rubutun wani marar kunya da shuɗin biro a gefe: "Ga hujja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maƙeriya maciyar amana ce." Ni malamar lissafi ce, na tsani mai ɓata littafi, na kuma tsani mai yanke hukunci ba lissafi. Na ɗauki fensirina na rubuta a ƙasa: "Sulken da ba shi da ƙofa kabari ne. Ta ina zai cire shi idan yaƙi ya ƙare? Ta bar zoben ne don ya samu hanyar komawa gida. Kuma ka daina rubutu da biro a littafin jama'a." Bayan sati biyu na sake arar littafin, don in ga ko marar kunyar ya dawo. Ya dawo. Ya rubuta: "Mai Fensir, tausayi ya rufe miki ido."

Wata bakwai muka yi a haka, ban san fuskarka ba, ba ka san tawa ba. Muka yi faɗa a kan ko Marar Inuwa da sulken daga dutse ɗaya aka narko su. Muka yi faɗa a kan dalilin da ya sa kwalkwalin Bahago ke yin sanyi idan maƙaryaci ya matso. Ka kira hujjata kwando, wai ba ta riƙe ruwa. Na ce taka tulu ce fanko, sai ƙara. Gefen shafi ya cika muka koma saman shafi, sama ya cika muka koma bayan bangon littafin. Ni da nake tashi da ƙyar, sai ga ni ina tsaye a ƙofar ɗakin karatu kafin a buɗe. Har ranar da dattijuwar da ke kula da wurin ta gaji, ta tsare mu duka biyun a gaban teburinta, ta ɗora littafin a tsakani ta ce, "Kai ne mai biro, ke ce mai fensir. Ga ku ga juna. Ku ɗauki abinku ku tafi, kun riga kun kashe shi, ba mai iya karantawa." Na ɗaga ido na gan ka, dogo, takalminka duk siminti, kunya ta sa kana sosa ƙeya. Abin da ka fara gaya mini a duniya shi ne, "Har yanzu dai ba ki da gaskiya."

Ya abin ƙaunata, wa zai gaya wa damina yadda ake zuba? Haka ka sauka a rayuwata, ba sallama, ka jiƙa ko'ina. Shekara huɗu na aure muna wannan musu, a kan tabarma, a mota, a layin asibiti, har Mama takan ce, "Ku dai maƙeriyar nan ta zame muku kishiya." Na shida ya fito muka karanta tare, kai shafin dama ni na hagu, kowa ya ce shi aka goya wa baya. Na bakwai, na ƙarshe, har yau marubucin bai sake shi ba. Mun yi alkawari ba wanda zai buɗe shi shi kaɗai.

Yanzu bari in faɗi laifina, domin ni na jawo maganar takardar nan da hannuna. Ka tuna wata Asabar a watan jiya, wannan kam za ka tuna, don bayan haɗarin ne. Na same ka da na huɗu a kan gwiwa. Ka ce, "Baiwar Allah, kina karanta irin waɗannan?" Na ce ina ɗan taɓawa. Sai ka gyara zama ka fara zuba mini bayanin cin amanar maƙeriya, kana ƙirga hujjoji da yatsa, kana farawa daga ɗan ƙaramin kamar yadda ka saba. Na ce, "Ni ban yarda ba." Girarka ta hagu ta ɗaga. Ka yi ɗan tarin nan. Ka ce, "Ba ki yarda ba? Da wace hujja?" Wallahi a wannan minti mijina ne zaune a gabana, ba ragi. Muka yi kusan awa ɗaya, har shayinka ya huce, har Mama ta leƙo ta koma tana share ido da bakin mayafi. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai zumuɗi ya ci ni. Likita ya gargaɗe ni kada in tura ka, a bar abu ya zo da ƙafarsa, amma zuciya ba ta da ƙashi. Washegari na ɗauko tsohon littafinmu na kawo maka. Ka buɗe, ka ga rubutun hannunka, ka bi shi shafi bayan shafi, ina kallon fuskarka tana rufewa. Ka kai inda ka rubuta, bayan mun san juna, "Mai Fensir, idan na zo gidanku, za a bar mini zobe ɗaya a buɗe?" Ka rufe littafin a hankali ka miƙo mini da hannu biyu. Ka ce, "Mutumin nan ya yi sa'a. Amma ban san shi ba, kuma ji nake kamar an sa mini rigarsa ana jira in yi tafiyarsa." Tun daga ranar ba ka ƙara yi mini musu ba. Duk abin da na faɗa sai ka ce, "Haka ne." Ban taɓa sanin "haka ne" tana yanka kamar wuƙa ba.

Me zan yi, ya ran zuciyata? Na iya warware lissafin da ke sa ɗalibai kuka, amma ban san ta inda ake shiga kan mutum a kunna fitila ba. Na yi addu'a har muryata ta dushe. Na bi likitoci har sun san takun takalmina, kowa ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba haka ba. Mutane suna ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse, ba wanda ya gaya mini yadda ake yi idan an ba dutsen wa'adin kwana tara. Na fita daga zauren waya, don na kasa jure ganin suna musu a kan garkuwa kai ba ka ciki. Rigunanka na aiki suna rataye a bayan ƙofa. Tsagaggiyar hular tana kan durowa, wani lokaci in gode mata, wani lokaci in harare ta. Ina dafa abinci na mutum biyu har yau, don hannuna ya ƙi koyon awon mutum ɗaya. Kana zagaye da ladabi ta ko'ina, kamar Bahago a cikin sulkensa, ni kuma ina ta lalube kamar makauniya, kuma ban sani ba ko an bar mini wurin shiga.

Ga roƙona, guda ɗaya ne. A cikin ledar da wasiƙar nan ta zo akwai littafi na biyar, sabo fil, ba wanda ya taɓa rubutu a cikinsa sai ni, layi biyu da fensir a gefen shafi na talatin da ɗaya. Babu wancan mutumin a ciki. Na ɓoye tsohon littafin, ba za ka ƙara ganinsa ba sai ka nema da bakinka. Ban ce ka zama shi ba, ban ce ka yi tafiyarsa ba, ban ma ce ka so ni ba. Ka karanta kawai, kai da ba ka san abin da ya faru da Bahago ba, har ina yi maka hassadar wannan. Idan ka kai wurin ka ga abin da wata baiwar Allah ta rubuta, ka ga ba ta da gaskiya, to kada ka yi mata kara. Ka rubuta mata a ƙasa, ka ba autarku ta kawo mini makaranta. Zan amsa. Idan wata bakwai zai ɗauka kamar dā, ina da shi. Idan shekara bakwai ne, ina da ita.

Idan kuma ka rubuta waccan takardar, ba zan yi maka kuka a ƙofa ba, ba zan kai ƙararka wurin kowa ba. Zan karɓa, don na san tsoron Allah ne ya sa ka, ba ƙiyayya ba. Amma ka sani ba 'yanta ni za ka yi ba. Duk inda aka kai ni, zuciyata tana falon Mama a zaune. Ranar da na bakwai ya fito zan saye shi in ajiye da ledarsa, in mutu ban san gaskiyar maƙeriya ba, domin ni ban manta alkawarin ba.

Na sa maka shuɗin biro a tsakiyar littafin, irin wanda kake so, mai murfi. Na daɗe ina riƙe da shi kafin in saka, don na san biro ɗaya ne zai iya rubuta kowanne daga cikin biyun, amsar ko takardar, kuma ba ni da ikon riƙe hannunka. Na gwada shi a bayan tafin hannuna, yana rubutu sosai.

Taka jiya, taka yau, taka ko ka sani ko ba ka sani ba, har ranar da za a rufe ni,

Mai Fensir.