Turakun Kirya

Dutse, 14 ga Maris, 1993

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, kada ku biye wa masu kai labari.

Gaskiya ne an tashe mu daga filin bakin kasuwa, inda na shekara tara ina tsaron jakunan mutanen ƙauye. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, sai aka tumɓuke turakunmu, aka shafa farin fenti, wai wurin ajiye motoci ne, jaki a ɗaure shi can bayan gari. Wa zai ɗauko buhu a ka daga can? Mutanen Buji sun daina shigowa, rabin rumfunan hatsi a rufe, filin kuwa motoci uku ne ke shan rana a ciki.

Wani ma'aikaci ya ce mini, "Malam, gari ya ci gaba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ci gaban ne zai ɗauko muku geron?" Washegari na sake kafa turakuna. Sai aka kama ni, kwana biyu na yi a hannun hukuma. Sauro ne kawai ya dame ni, ba sai Inna ta ji ba.

Kada ka ce in dawo gida. Ka dai saro mini turaku ashirin na kirya, dogaye, ka ba motar ranar kasuwa. Na dalbejiya da hannu ɗaya suke cire su. Waɗannan kuwa, duk mai tumɓuke su sai ya yi gumi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Abdulbaƙi