Matar Cikin Mota Ba Ta Fushi

Ummi,

Na tarar kina barcin gajiyar aikin kwana, shi ya sa ban tashe ki ba. Da safe na ɗauki motarki zan kai wa Malam Inuwa maganin ƙafarsa. Na danna unguwarsu, Daurawa, a allon nan na gaba yadda kika koya mini, sai matar da ke ciki ta fara nuna mini hanya da Turancinta. Ni da aka haifa a Gyadi-Gyadi!

Ta ce in yi dama, na yi hagu, don in ga iyakar haƙurinta. Wallahi ko tsaki ba ta yi ba. Sai kawai ta nemo wata hanyar. Na sake saɓa mata a Tarauni, na ƙara a Ƙauyen Alu. Wani ɗan Adaidaita ya ce, "Baba, ɓata ka yi ne?" Na ce masa jarrabawa nake yi wa wata baiwar Allah.

Ta ci jarrabawar, amma mai ya kusa ƙarewa. Fitilarsa ta kama, da ƙyar muka iso gida. Kada ki hau motar zuwa asibiti, za ta tsaya miki a hanya ki makara. Ki hau Adaidaita, zan dawo da mai a galan.

Maganin ma ban kai ba, yanzu zan tafi da shi a ƙafa. Ita dai na ba ta haƙuri kafin in kashe mota. Saura ke.

Babanki