Takardar da na manna a shagon Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka gaba ɗaya, ya ƙara maka juriya a wurin aiki, ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Mu ma nan muna lafiya gwargwadon hali. Gwiwar Goggo ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida ba sanda, sai dai bakinta ne har yanzu bai san hutu ba. Maigidana an mayar da shi aikin safe, yara kuma sun koma makaranta. Rufin ɗakin Baba da yake yoyo an gyara shi tun kafin ruwa ya yi ƙarfi, kada ka sa wannan a ranka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, ni da ko gaisuwa a waya sai ka yi ƙorafi nake kira. Dalili shi ne, ranar da muka yi magana ka ce mini lallai in mayar da Baba shago, zaman gida ne yake cinye shi, ni kuwa ina ta ce maka to, to. Wallahi Yaya ba amincewa na yi ba. Yana zaune kusa da ni ne a lokacin, kunnensa kuma ka sani ras yake. Akwai abin da na ɓoye maka wata biyu, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. In na fara faɗa da baki kuka zai ci ƙarfina, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka dai san shagon nan yadda yake, ɗan lungu a bakin ƙofar garejin motocin haya, teburin yankan burodi, kasko ɗaya, da bencin da ƙafarsa ɗaya take kan bulo. Ka kuma san abin da ya sa mutane suke wuce shaguna uku su zo wurinsa shekara talatin da ɗoriya. Kowa da haɗinsa, kuma haɗin da babu mai hankalin da zai yarda ana ci sai ya gani. Mai walda kifin gwangwani da ayaba. Nas ɗin asibitin da ke tsallaken titi kokwamba da zuma da ɗan gishiri. Tsohon direban nan mai ciwon suga albasa ɗanya da tumatir da lemun tsami, ko ƙwayar sukari ba ta kusantar nasa. Mai gadi kuwa madarar gwangwani mai kauri ake kwarara masa a kan bota, a barbaɗa barkono. Sai Baba Tela, amininsa, wanda kullum shi ne farkon zama a bencin, soyayyen ƙwai da dabino. Kai ne kake cewa wannan ba abinci ba ne, horo ne, amma duk ragowar da aka kawo gida cikinka take ƙarewa, ni ban manta ba. Kuma ka tuna dokar Baba, ba ya tambayar kowa me za a sa masa. Yakan ce mutumin da ya shekara yana cin burodinka, ranar da ka tambaye shi abin da yake so ka zage shi. Daga nesa zai hango mutum, kafin ya ƙaraso an naɗe masa nasa a takarda.

To wata ranar Talata aka ba ni hutu a kantin magani, na ce bari in leƙa Baba a shago. Na biyo ta bayan gareji don ya fi kusa, sai na ga mutane biyar ko shida sun taru a jikin katanga, kowa da ƙunshin burodi a hannu, suna buɗewa suna leƙawa. Da idona na ga mai walda ya miƙa wa nas nasa, ita ta miƙa wa mai gadi, mai gadi ya ba direba, Baba Tela yana tsakiya yana nuna wa kowa inda nasa yake. Na tsaya ina dariya, na ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Da suka gan ni sai nas ta sunkuyar da kai. Nan take na gane ba wasa ba ne, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Baba Tela ne ya ja ni gefe ya faɗa mini. Ya ce tun bayan rasuwar Mama da 'yan watanni Baba ya fara rikita mutane. Shi dai haɗin bai taɓa kuskure shi ba, komai yana nan daidai yadda aka sani, sai dai ya daina sanin na wane ne wane. Ya ce ranar farko da aka ba shi kifi da ayaba, haka ya rufe ido ya haɗiye ya yi godiya, don bai ga bakin da zai buɗe ya gyara wa amininsa ba. Da suka gane ba mutum ɗaya abin yake samu ba, sai suka shirya a tsakaninsu, kowa ya karɓi abin da aka ba shi ya yi godiya, a haɗu a bayan katanga a yi musaya. Wata bakwai suna haka, Yaya. Wata bakwai, ni da nake kwana gida ɗaya da shi ban sani ba! Ya roƙe ni don Allah in bar su da abinsu, ya ce sun iya, babu wanda yake kwana da yunwa, kuma muddin mutumin nan yana riƙe da wuƙarsa to yana nan da sauransa. Na ce masa na ji, na kuma yi niyyar yin shiru har ga Allah.

Ban cika alkawari ba. Bayan mako biyu direba ya zo a makare, an riga an watse daga bayan katanga, motarsa kuma ta cika ana jiransa. Aka ba shi na mai gadi, mai madarar nan. Yunwa ta sa ya cinye a hanya, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Allah ya taƙaita, jiri ne kawai ya ɗebe shi ya tsaya a gefen titi, amma da fasinjoji cike da mota. Nas ce ta gaya mini, ita ma hankalinta a tashe. Kai ka san aikina. Shekara goma sha biyu ina wurin da ko ƙwaya ɗaya ba a miƙa wa mutum sai an rubuta sunansa a jiki, an duba, an sake dubawa. A wurina duk abin da aka rubuta ya tsira. Sai na zauna na yi abin da na iya, na samo farar takarda babba, na ja layi, na jera mutum goma sha tara, kowa da sana'arsa da haɗinsa da manyan baƙaƙe. Har daɗi nake ji ina cewa na samo mafita. Ban shawarci Baba Tela ba don na san abin da zai ce, ban kuma gaya wa Baba ba don ban san ta inda zan fara ba. Da sassafe na riga shi zuwa, na manna ta a bango daidai saitin idonsa, na koma bakin ƙofa na tsaya wai in ga yadda za ta taimake shi.

Baba ya zo ya ɗaura ƙyallensa a ƙugu, ya kunna wuta, bai lura ba. Mai walda ya ƙaraso, Baba ya yanka burodi, ya jera kokwamba, ya ɗiga zuma, ya ɗago zai miƙa, sai idonsa ya faɗa kan takardar. Ya daɗe yana karantawa, leɓɓansa suna motsi. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi mai walda da tabaransa na aiki a goshi, ya sake duban bango. Sannan ya tambaye shi a hankali tun yaushe yake ba shi abin da ba nasa ba. Mai walda, ƙaton mutum irin wannan, ya kama rantsuwa wai shi dama ya daɗe yana sha'awar kokwamba da zuma. Baba Tela ya taso daga benci yana cewa ai yarinya ce da rigimarta ta 'yan boko, a cire takardar banza a ci gaba da aiki. Baba bai kula su ba, sai ya juyo ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, Yaya, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi rubutuna yana da kyau. Ya kashe wuta, ya wanke wuƙa ya goge ta, ya ninke ƙyallen ya ajiye a kan tebur, ya ce in kai shi gida kansa yana ciwo.

Tun daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Garin neman gira na rasa ido, ni na sani, ba sai wani ya gaya mini ba. Abin da mutanen titi suka rufa masa wata bakwai, ni 'yar cikinsa na yaye shi a safiya ɗaya. Sau ɗaya kawai na samu ya fita, na kai shi wurin likita, ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya daɗe yana tafe, ba takardata ce ta kawo shi ba, kuma da ita da babu ita ranar tana zuwa. Na ji, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Na ɗauki hutu ina buɗe shagon da safe don kada ya mutu, ina bin takardar layi-layi, ban taɓa ba wani na wani ba. Suna karɓa su yi godiya, amma ina ganin rabi a cikin kwandon shara. Duk da haka ban fid da rai ba, kullum ina cewa in ya huce zan lallaɓa shi ya koma, ko da zama ne ya yi a benci yana nuna mini. Da wannan fatan nake kwana nake tashi har shekaranjiya.

Shekaranjiya da la'asar Baba Tela ya zo duba shi kamar yadda yake yi kullum in ya rufe shagon ɗinkinsa. Suna zaune a ɗaki kan tabarma ɗaya, na kawo musu ruwa, sai Baba ya ce in ɗauko masa takardar nan. Na ɗauko, don tana cikin jakata. Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa har ya zo kan layin tela, sai ya girgiza kai ya ce na yi kuskure. Ya ce ba a ɗora dabino a kan ƙwai, a ƙasa ake shimfiɗa shi, a juye ƙwan da zafinsa don dabinon ya narke. Ya ce kuma a yanka shi siriri sosai, saboda mai wannan haɗin ba shi da haƙoran tauna a gefen hagu, tun wata faɗuwa da ya yi a kan keke, kuma mutum ne mai kunya, ba zai taɓa faɗa ba. Muryarsa ta dawo irin ta da, har da ɗaga yatsa. Na dubi Baba Tela ya dube ni, farin ciki ya cika ni, na ce a raina shi ke nan, gobe sai shago. Sai Baba ya cire tabarau, ya juya wurin mutumin da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da shi, ya tambaye shi cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ko ya san wannan telan, kuma ko yana nan da rai.

Baba Tela ya ce masa ya san shi, yana nan lafiya lau, yana ma gaishe shi. Baba ya ji daɗi, ya ce a ce yana amsawa, mutumin kirki ne. Da na raka Baba Tela bakin ƙofa, tsohon nan ya kasa sa takalminsa, sai da na durƙusa na sa masa.

Saboda haka Yaya, kada ka sake ce mini in mayar da shi shago, babu wanda zan mayar. Ina neman gafararka a kan abin da na yi da kuma ɓoyewar da na yi maka. In da hali ka nemi hutu ka zo, kada ka ce sai ƙarshen shekara. Har yanzu in na ambace ka fuskarsa tana washewa, amma ban san har yaushe ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina godiya da maganin gwiwar da ta aiko wa Goggo. Ka shafa mini kan 'Yar Lele da Auta, Allah ya raya su. Goggo da Kawu da maigidana duk suna gaishe ku. Ka sa Baba a addu'a, ka haɗa da amininsa, don ban san wanda ya fi buƙata a cikinsu ba. Allah ya jiƙan Mama, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.