Mai Kemis Kika Tambaya

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ya jego, ya jaririyarmu? Ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, sai aiki. Kullum ina ɗakin gwaji, ina auna maganin da ke bi ta nonon masu shayarwa. A kwalabe masu lamba ake kawo min nonon, jariri ko ɗaya ban taɓa gani ba.

Inna ta ce da ciwon kai ya dame ki, mai kemis kika tambaya ko maganin zai taɓa yarinyar. Mai kemis! Ni da na shekara shida a kan wannan! Wai har ɗaukarta ya yi, ta yi masa tumbuɗi a riga.

Ba komai, Allah ya raya ta. Amma nan gaba ki kira ni. Shi ya samu tumbuɗin, ni ki bar min tambayar.

Yayarki