Babin Ƙarshe Sai Bayan Aiki

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya maimaita abin da ya faɗa a baya: idan ba a yi wa Yaya aiki a idon dama ba, zai bi na hagu. An ba ta Alhamis ta sama. A mota ta ce ba za ta je ba, wai ba wanda zai kusanto ta da wuƙa tana ji tana gani. Musu da ita ƙara mata ƙarfi yake yi. Amma za ta je.

Laraba, 5 ga Maris

Tun da karatu ya gagare ta, na ɗaukar wa kaina karanta mata littafi kullum idan na taso daga jami'a. Na zaɓi marubucin da nake rubuta maƙala a kansa, gwanin almarar kimiyya, wanda ita ke kira Mai Kumbo. Littattafansa cike suke da yarda da ilimi da likitoci, ina fatan ta ɗan ɗiba. Ita kuwa nata gwanin ta so, mai labaran ban tsoro, wanda tun muna yara nake kira Mai Kabari. Na bayyana mata cewa nawa hangen gobe yake yi, shi ya sa zai ɗore, nata kuwa ba shi da sana'a sai tsinka zuciya. Ta ce, "Auta, karatu na ce ka yi mini, ba lacca ba."

Alhamis, 6 ga Maris

Ta yi barci tun kumbon bai tashi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mun kai babin da na sa rai a kansa, inda wata na'ura ke sauya wa mutum ido kafin ya gama gaisawa da likita. Ta tambaye ni wace shekara marubucin ya ce za a yi haka. Na faɗa mata. Ta lissafa, ashe shekarar da ta yaye ɗanta na fari ce, wanda yanzu har ya yi gemu. Ta yi dariya har da tari, tana tambaya ko na'urar tana hanya ne ta ɓata.

Na ce ba a auna adabi da cikar hasashe. Gaskiya ne, sai dai ba haka na rubuta a maƙalar ba.

Wuri ɗaya ta sa na maimaita: inda matuƙin kumbon yake sallama da mahaifiyarsa, alhali ya san kafin ya dawo ƙasa ta daɗe da rufe ta. Ta ce nan ne kawai mutumin ya faɗi gaskiya. Na lura babu na'ura ko ɗaya a shafin.

Lahadi, 9 ga Maris

Har yanzu tana kan bakanta. Na buɗe kabad ɗinta na ɗauko Mai Kabari. Duk littattafan sun yage, an liƙe su, sai guda ɗaya sabo fil, wanda ta saya daf da lokacin da ciwon idon ya tsananta, ba ta samu karantawa ba.

Labarin wata mata ce da ke zaune a gida mai ɗaki guda a rufe, kullum da safe sai ta ga ƙofar ta ƙara buɗewa kaɗan. Babu jini, babu dodo. Dole in amince cewa mutumin ya san inda ake ajiye jimla. Yaya ba ta ko gyangyaɗa ba. Na tambaye ta yadda mai tsoron likita ke jin daɗin wannan. Ta ce, "Tsoron littafi ana rufe shi a ajiye. Nawa ne ba ya rufuwa."

Talata, 11 ga Maris

Saura babi ɗaya. Matar ta ɗora hannu a kan ƙofar, ni kuma na rufe littafin na sa a jaka. Na shaida wa Yaya cewa sauran sai bayan aiki. Ta ce ita ta goya ni, kuma da ta san mugu take goyo da ta kwance zanen. Ta yi barazanar sa maƙwabciya ta karanta mata. Na tuna mata cewa jakar tare da ni take tafiya.

Na ja zif ɗin jakar.

Laraba, 12 ga Maris

Ta kira ni a ofis. Ba gaisuwa. Ƙarfe nawa za mu fita gobe, kuma kada in manta da littafin.

Alhamis, 13 ga Maris

An yi. Likita ya ce komai ya tafi daidai, alhamdulillahi.

A ɗakin jira littafin yana kan gwiwata, yatsana a bakin babin ƙarshe. Ban buɗe ba, ko da yake ba zan ce ban yi niyya ba. Da aka turo ta, ido naɗe da bandeji, ba ta tambayi likita ba, ba ta nemi ruwa ba. Ta ce, "Auta, ta shiga?"

Na ja kujera na karanta mata.

A maƙalata na cire jimlar da ke cewa irin su Mai Kabari za su mutu tare da masu karanta su. Maƙalar dama ta yi tsawo.

Ƙofar sito na ofis ɗina ba ta rufuwa sosai. Gobe zan sa kafinta ya duba ta.