Ashe Garuruwan Nan Ba Su da Mutane

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da jirgin ruwan da kake wa aiki. Mu ma nan Wudil sai godiya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu muka rabu da boko, kuma ita ta fara gajiya da ni.

Hotunanka sun iso ranar Juma'a, kasuwar shanu tana ci. Na ga garuruwan da jirginku yake tsayawa can arewacin Turai. Ga gidajen katako ja da rawaya a jere bakin teku, waɗanda ka rubuta a baya cewa tsofaffin rumbunan busasshen kifi ne. Ga hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, ga titin dutse, ga kwale-kwale a ɗaure. Na kai wa masunta a gindin gada, suka jujjuya, suka ce ruwan dai ya yi ruwa, amma ina kifin?

Ka ce aikinka ɗaukar fasinjoji hoto, in an sauka gari kuma ka ɗauki tsofaffin gine-gine don kanka. Madalla. Nan ma tun da soja suka koma bariki hoto ya yi daraja. Fuskar kansilanmu tana nan manne a katangarmu, ruwan sama ya cinye masa kunne ɗaya, ɗayan kuwa dama ba ya jin mu da shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Idon Innarka ya ƙara rufewa. Likita a Kano ya ce ba yana ba ce balle a cire, ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake a hankali.

Da hantsi ta zauna tsakar gida inda haske ya fi, tana kai kowane hoto dab da hancinta. Ta gama, ta sake daga farko. Ba ta tambayi ina kake a cikinsu ba. Ka san ta, kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba. Ranar da ka tafi ma tsintsiya ta ɗauka, ta hau share inda ta riga ta share. Abin da ta ce kawai, ashe garuruwan nan ba su da mutane.

A hoton tashar jirage akwai wani mai jar riga can nesa, ya juya baya. Shi ta ware ta sa ƙarƙashin filo. Na sa tabarau na duba, Abba, wani tsohon Bature ne mai sanƙo. Ban faɗa mata ba. Yau da sanina Bature yake kwana a ɗakin matata.

Ita ba za ta roƙa ba. Ni kuwa sayar da rake a bakin titi ya daɗe da wanke mini kunya. Gari na gaba da kuka tsaya, ka miƙa wa wani kyamarar. Ka cire hular sanyi, ka tsaya inda rana take dukan fuskarka, ya matso sosai. A wanke hoton babba. Kada ka jira mai zuwa gida, ka sa a gidan waya ranar. Gine-ginen nan tun kaka da kakanni suke tsaye, in ka koma za ka same su. Ita kuwa so nake ta gan ka da idonta, ba ni in riƙa ba ta labarin kamanninka ba.

Allah ya tsare ka a kan ruwa, ya yi maka albarka, ya bar mata hasken nan har saƙonka ya iso. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Idi mai rake, Wudil